Littafin da Baba Bai Kai ga Dubawa Ba

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata bayan azahar aka mayar da Baba. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa, muna dawowa Unguwar Rimi ruwa ya sauko. Kwana uku kacal ya yi yana zazzaɓi. Yau kwana arba'in da biyu ke nan, kuma abokin aikinsa a kwalejin horon malamai ya matsa mini in rubuta wani abu a ajiye, don kada nan da 'yan shekaru ɗalibai su riƙa tambayar wane ne shi. Na ce to. Ni ne ɗansa na fari. Ni ne kuma ɗalibin da ya kayar bara a darasinsa na tasowar yara.

Kwana uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Ban san Baba ya koyar da mutane da yawa haka ba. Wasu sun zo a keke daga Kawo, wasu da ƙafa daga Rigasa da taɓo har gwiwa, wani hedimasta kuwa jirgin ƙasa ya biyo tun daga kudancin Zazzau. Shi wannan hedimastan, bayan ya yi addu'a an shafa, sai ya duƙar da kai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ni ma fa ya taɓa kayar da ni."

Wani daga can gefen tabarma ya ce, "Kai sau ɗaya ne. Ni har gidanmu ya bi ni da littafina."

Dariya ta nemi ƙwace wa mutane, aka yi ta danne ta da gyaran murya, har liman ya ɗaga kai ya dube su. Abokin aikin nan nasa, Kirista ne mutumin kudu, ya tuɓe takalmansa ya zauna a bakin tabarma, ya rufe fuska da hula yana ta kuka kamar yaro. Shekara goma sha ɗaya suna raba tebur ɗaya a ofishin malamai. Liman da kansa ya miƙa hannu ya dafa shi yana ba shi haƙuri. A cikin gida kuma ana jiyo muryar Goggo, yayar Baba, tana faɗa da masu dafa abinci wai sun cika gishiri, ta katse faɗan ta fashe da kuka, ta share ido ta ci gaba da faɗan. Inna kuwa tana zaune da carbi a bakin ƙofarta, in an yi mata gaisuwa ta ɗaga kai ta sauke.

Ni kuwa ban ji komai ba. Ba ƙarfin hali ba ne, kada wani ya yabe ni a kansa. Ana ce mini ya haƙuri ina cewa da godiya, ana addu'a ina cewa amin, bakina na aiki shi kaɗai. Na lura da takalman mutane, na lura da wani ƙuda da ya yi ta zagaya farantin goro. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, ko a bakin kabari, ana zuba ƙasa, abin da ke raina littafi ne mai shuɗin bango da ke kan teburinsa. Littafina ne na aikin darasinsa, wanda na miƙa kwana shida kafin ya kwanta, bai kai ga dubawa ba. Dokar kwalejin ita ce wanda ya faɗi darasi ɗaya sau biyu a sallame shi ba satifiket. Na riga na faɗi sau ɗaya. Ana binne mahaifina ina tunanin maki.

Sai na yi bayanin yadda muke da shi, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Baba mutum ne mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni Zariya wurin Kaka, a can na tashi, ba na ganinsa sai da salla. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido da ido ba. In yana son a ba ni wani abu sai ya ce, "A ba wancan." Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni ina tsaye kamar baƙon da ya zo neman ruwa. Ban riƙe shi da komai ba, haka na ga ana yi a gidaje da yawa. Sai da na shiga kwalejin na dawo gidansa da zama, na kuma faɗa ajinsa, sannan abin ya zama abin kallo.

Ranar farko ya buɗe rajista yana kiran suna. Ya kira mutum goma sha shida ba gargada. Da ya zo kan nawa sai ya tsaya, ya yi ɗan tari, ya ce, "Na sha bakwai." Na ce, "Na'am, Malam." Sai wani ɗan Katsina da ke bayana ya tuntsire da dariya. Daga ranar na zama Sha Bakwai a bakin kowa, har mai tuwon kwalejin haka take kirana. Shekara biyu yana wannan tarin kowace safiya, bai taɓa tsallake shi ba.

Darasin nasa kuwa a kan yaran da suka fara zama samari ne, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha bakwai, irin waɗanda za mu je mu tarar a manyan azuzuwan firamare. Makon farko ba ya koyar da komai sai yadda zai ba da maki. Yakan rubuta a allo da hannunsa mai kwanciya, ya sa mu kwafe, ya bi layi yana dubawa. Jarrabawar ƙarshe, da Turanci, maki arba'in. Littafin lura, da Hausa, maki sittin. Hamsin ake nema a ci. Duk mai ɗan lissafi ya gane nan take cewa ko ka haɗiye littafin Turancin nan da bangonsa, ba za ka wuce ba sai da littafin lura.

Littafin lura shi ne ka zaɓi yaro ɗaya da ba na gidanku ba, ka nemi izinin ubansa, ka riƙa zuwa inda yake sau ɗaya a mako har mako goma sha biyu, ka zauna ka rubuta abin da ka gani. Ba a rubuta sunan yaron. Wurin zamansa kawai za ka ba Malam a 'yar takarda. In ka makara da miƙawa, kowace rana maki biyar za su tafi. Akwai kuma kalmomin da ya haramta: malalaci, fitinanne, daƙiƙi, mara kunya. In ya ga ɗaya sai ya kewaye ta da jan tawada, ya rubuta a gefe: Me ka gani? Wannan tambayar ita ce sandarsa. In ɗalibi ya ce yaro ya yi taurin kai, sai ya ce, "Ban tambaye ka hukunci ba, ba alƙali aka aiko ka zama ba. Me ka gani? Ina hannunsa yake? Wa ke wurin?"

Amma abin da ya sa ake tsoron darasin, wanda kuma hedimastan can ya tuna a wurin gaisuwa, shi ne ranar karatu. Bayan ka miƙa littafi ya duba, sai ya sa rana ku je tare wurin yaron. Ka zauna ka karanta wa yaron littafin daga farko har ƙarshe, Malam na gefe bai ce uffan ba. Shafin da yaro ya ce ƙarya ne, a yage shi a wurin, makinsa ya bi shi. In ya yarda da sauran, ya dangwala babban yatsa a shafin ƙarshe. In kuwa ya ce wannan yaron da ake faɗa ba shi ba ne, to sittin ɗin nan duk sun zube. Baturen da ke shugabantar kwalejin ya sha kiransa ofis a kan haka, yana cewa ba a taɓa jin inda yaro ke ba malami maki ba, kuma me ya sa ba za a rubuta da Turanci ba. Baba yakan ce, "Ranka ya daɗe, yaron ba ya jin Turanci sosai. Kuma a kansa aka yi rubutun." Sai ya tsaya yana duban silin har Baturen ya gaji ya sallame shi.

Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Akwai wani ɗan ajinmu da yaronsa ke hayin kogi, kwale-kwale ya kife da shi ana saura kwana biyu a miƙa, shi ya fita, littafin ya tafi. Ya zo ofis ya faɗi abin da ya faru. Baba ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya ce, "Littafin ya nutse. Kai ka nutse? To faɗa mini yaron." Yamma uku yana zaune yana sauraron ɗalibin nan yana faɗa da ka, shi kuma yana rubuta masa da hannunsa. Bai cire masa ko maki ɗaya na makara ba. Yana da wasu halaye kuma da ban san dalilinsu ba har yau. Ba ya duba littafin ɗalibi sai da alwala. Ba ya duba fiye da uku a rana, wai na huɗu zalunci ne. Kekensa kuwa ya fi rigarsa tsabta, kullum da tsumma a ƙarƙashin sirdi.

Ni abin da ya kayar da ni bara wayo ne. Turancina ya fi na kowa a ajin, kuma na san haka. Na zaɓi ɗan wani ma'aikacin reluwe, na je wurinsa sau biyu, na ga zaman ɓata lokaci ne, yaro na ta tsinke zare daga bakin wandonsa ba ya cewa komai. Sai na koma ɗakin karatu na buɗe littafin Turawan, na juye abin da ke ciki zuwa Hausa mai daɗi, na rarraba shi mako goma sha biyu. Na rubuta cewa yaron ya fara son kaɗaici, yakan shige ɗaki ya rufe ƙofa, yakan daɗe a gaban madubi yana duban fuskarsa. Ranar karatu muka je barikin reluwe, Baba a keke ni a ƙafa. Ban kai shafi na huɗu ba yaron ya fara murmushi, kafin na shida ya kasa riƙe dariya.

Ya ce, "Malam, mu bakwai muke kwana a ɗakin nan, ƙofar ma tabarma ce. Kuma gidanmu babu madubi, sai in an je aski. Wannan wani yaron ne."

Baba ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya yi wa uban yaron godiya, ya hau kekensa. Da sakamako ya fito na samu talatin da bakwai cikin arba'in a jarrabawa, babu wanda ya kamo ni, a littafi kuma sifili. Littattafan sauran ɗalibai sun dawo jajawur da gyara. Nawa ya dawo fes, ko ɗigo bai sa ba.

Goggo ce ta tayar da ƙura. Ta zo da yamma yana cin tuwo a tsakar gida, ni ina zaune taku uku daga wurinsa ina wanke hannu. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Kai Malam, ashe abin da na ji gaskiya ne? Ɗan cikinka ka kayar? Ɗan da ba ka goya ba, ba ka yi jinyarsa ba, shi ka samu na gwada ƙarfi?"

"Yaya, zauna ki ci abinci."

"Ba zan ci ba. Amsa mini."

"Ba ni na kayar da shi ba. Yaron da aka karanta wa ne ya ce ba shi ba ne."

"Yaron wa? Ɗan gidan uban wa ne shi da zai yanke wa ɗanmu hukunci? Kai ba ka da alƙalami? Wa zai sani in ka ƙara masa goma sha uku?"

"Wancan zai sani."

Goggo ta tafa hannu ta yi salati, ta ce wannan boko ya shiga kan ƙanenta ya fitar da zumunci, ta ce da Kaka na da ƙarfin tafiya da ta zo ta ja masa kunne. Ya bar ta ta gama. Ya suɗe hannunsa, ya dubi bangon da ke gabansa, ya ce, "A gaya wa wancan, bana ya zauna." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan faɗuwata. Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wata biyu ina gaishe shi da baki kawai. Goggo kuwa ta yi wata huɗu ba ta taka gidan ba, sai da Inna ta haihu.

Bana na zauna. Na zaɓi ɗan wani mai gyaran keke da ke da rumfa a bakin hanyar Kawo, yaro ɗan shekara goma sha biyar, yana aji na ƙarshe a firamare, in an tashi ya zo ya taya ubansa faci. Kowace Alhamis bayan azahar ina kan bencin rumfar har la'asar. Makon farko ban ga komai ba sai taya da famfo. A na uku na fara ganin yadda yake lasar leɓe kafin ya shafa sholisho, da yadda muryarsa ke karyewa in ya ɗaga ta, sai ya yi sauri ya rufe baki ya waiga ko an ji. Na ga yana ɓoye hannayensa masu baƙin mai a aljihu in 'yan mata masu talla sun wuce. Na ga ranar da ya ɗaure kaca shi kaɗai, ya juya feda ta tafi sumul, ya yi kamar ba komai ba, amma ya juya ta har sau biyar. Ban buɗe littafin Turawa ba ko sau ɗaya. Na cika shafi sittin da huɗu, na miƙa a ranar da aka sa. Baba ya karɓa bai ɗago ba, ya ɗora a kan na sauran.

Bayan sadakar bakwai na koma kwaleji. An ba abokin aikin nan nasa darasin ya ƙarasa. Ya kira ni ofis, littafina na gabansa a kan teburin da suke rabawa, gefen Baba an share shi tas.

Ya ce, "Ɗana, na karanta. Aiki ne mai kyau. Shugaba ya ce bana ba za a yi ranar karatu ba ga waɗanda suka rage, a duba a takarda kawai. Ka kwantar da hankalinka, ka wuce."

Na ce, "Na gode, Malam. Amma a ba ni shi zuwa Alhamis."

Ya ce, "Ka san in yaron ya ƙi, kuma ka zo ka faɗa mini, ba ni da yadda zan yi? Ba wanda ya tilasta ka."

Na ce na sani. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ba jarumta ba ce, don a lokacin ko tsoron ma ba na ji sosai. Na dai ga cewa in na wuce a haka, duk ranar da na tsaya gaban aji zan san da tausayin maraici aka ba ni satifiket.

Ranar Alhamis na tafi da ƙafa, littafin a cikin riga saboda yayyafi. Mai gyaran keken ya tashi ya yi mini gaisuwa, ya ce sun zo jana'iza amma taron ya yi yawa ban gan su ba. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce wa ɗansa, "Ajiye sifanar nan ka zo ka ji abin da aka rubuta a kanka." Shi kuma ya koma can cikin rumfa yana gyaran wani burki, kunnensa na wajenmu.

Na fara karatu. Yaron na zaune a kan tsohuwar taya, kansa a ƙasa. Da na zo wurin lasar leɓe ya ce, "Kai, ashe ana gani." Wurin 'yan mata masu talla ya rufe fuska da hannu biyu, ubansa ya ƙyalƙyale daga ciki. Wurin kaca ya gyara mini, ya ce sau shida ne ba biyar ba, amma in bar shi. Muka yi ta tafiya har mako na tara. A nan akwai shafin da na fi alfahari da shi, wanda na ɗauka shi zai ɗaga makina. Na rubuta cewa uban ba ya duban yaron in yana magana. Yaron yakan gama aiki ya daɗe yana juya sifana a hannu yana jiran a ce masa ya yi daidai, ba a cewa. Ya koyi gane yardar ubansa daga yadda yake tari.

"Tsaya, Malam."

Na tsaya.

"Wannan ba haka ba ne. Babana ba ya tari. Magana kuwa, wallahi har gajiya nake da ita, tun safe yake kiran sunana." Daga cikin rumfa uban ya ce zai ji a jikinsa anjima. Yaron bai yi dariya ba. Ya dube ni kai tsaye, irin kallon da yara ba su cika yi wa malami ba, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ina ganin wannan shafin naka ne."

Ban yi musu ba. Na duba shafin, na nemi ranar da na ga abin da na rubuta, na rasa. Na kama shi daga sama na yage, na ninke na sa a aljihu. Na ƙarasa sauran makonni uku da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Da na rufe littafin na tambaye shi ko shi ne. Ya ce shi ne. Ban zo da tawada ba, sai ya shafa yatsansa a jikin kaca ya dangwala baƙin mai a shafin ƙarshe.

Ina shirin tashi ya ce, "Ni fa ban san cewa shi ne babanka ba sai ranar jana'iza da na ga kekensa."

Na ce, "Da ma ka san shi?"

"Mai keken nan mai ƙyalli? Ai duk Alhamis sai ya zo. Kana tafiya da kaɗan sai ga shi. Ya ce a duba masa iska, alhali tayar nan kamar dutse. Babana har cewa yake wannan tsoho so yake ta fashe."

"Me yake cewa?"

"Ba ya cewa da yawa. Ya zauna a nan inda kake zama. Ya ce, wancan ya zo yau? In ce ya zo. Ya ce, ya zauna ko a tsaye ya yi? In ce ya zauna. Shi ke nan sai ya tashi." Sannan ya ƙara da cewa, "Sau ɗaya dai, ranar da aka yi ruwan nan mai yawa, ya tambaye ni ko ka zo da laima."

Na yi musu sallama na kama hanya. Ban yi kuka ba, ko a nan. Na dai tsinci kaina na wuce kwanar gidanmu da nisa, sai da na juyo.

Washegari na kai littafin ofis, na nuna gurbin shafin da aka yage, na faɗi dalili. Malamin ya cire maki biyar kamar yadda Baba zai yi, ya ba ni arba'in da shida cikin sittin. Da aka haɗa da makin jarrabawa, na ci darasin. In Allah ya kai mu, baɗi ina gaban aji.

Wannan shi ne mutumin da muka binne. Ya koyar da mu mu zauna mu dubi yaro kafin mu yanke masa hukunci, kuma ya yarda yaro ɗan shekara goma sha biyar ya fi malami sanin kansa. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya duba littafinsa da rahama fiye da yadda shi ya duba namu. Ya ba Inna da Goggo da ƙannena haƙuri.

Abu ɗaya ya rage mini. Mai yiwuwa ne zuwan nan na Alhamis aikin malami ne kawai, yana bin sawun ɗalibin da ya taɓa yi masa maguɗi. Mai yiwuwa ne ma haka yake yi wa kowa, yana zagaya gari a keke wurin yaran dukanmu ba mu sani ba, don zai iya. Mu ashirin da huɗu ne a ajin, kullum muna cin tuwo a tebur ɗaya. Da zan tambayi mutum biyu ko uku su je su tambayi yaransu, da kafin Juma'a na san gaskiya. Mako biyar ke nan ina zama da su. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.